Lafiya Uwar Jiki: A Adana Takardar Hoton Farko

Mutanenmu na Tamanhint da Sabha kan kai mai ciwon daji Tarabulus ko Tunisiya, wani lokaci likita ya nemi hoton PET. Akan yi wa majinyaci allurar sukari mai ɗauke da sinadarin fulorin-18. Ƙwayoyin daji sun fi lafiyayyu zuƙar sukari, na'ura kuwa tana auna abin da suka zuƙa da lamba. Bayan an soma magani, sai a gwada sabuwar lamba da ta farko: in ta sauka, maganin ya karɓi wannan jikin, in ta hau, likita ya sake shawara tun da wuri. Saboda haka a adana takardar farko da faifanta, a kuma koma asibiti guda in da hali. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.