Likitan Haƙori da Sabon Tsarin Haraji a Birtaniya

Tun a 2015 gwamnatin Birtaniya ta ɗaura niyyar mayar da lissafin haraji cikin kwamfuta, amma aka yi ta ɗaga ranar, har wasu suka ɗauka maganar ta bi ruwa. Ga shi kuwa doka ta tsayar da 6 ga Afrilu 2026 ga duk mai sana'ar kansa ko mai gidan haya da abin da ke shigo masa a shekara ya haura fam 50,000. A 2027 za a sauko zuwa fam 30,000, a 2028 kuma fam 20,000. Abin lura shi ne, kuɗin da suka shigo baki ɗaya ake dubawa, tun kafin a cire abin da aka kashe.

Wannan batu ya shafi likitocin haƙori ƙwarai, domin da yawansu ba 'yan albashi ba ne. Suna aiki ne a asibitin wani, ana raba abin da aka samu, sa'an nan kowa ya ji da harajinsa. A da, irin wannan likita yakan tara rasit a aljihun tebur, shekara ta zagayo ya kai wa akanta. Yanzu kuwa tilas ya riƙa shigar da samu da kashewa cikin manhajar da hukumar haraji, watau HMRC, ta amince da ita, ya kuma aika taƙaitaccen bayani sau huɗu a shekara. Na watanni ukun farko, wa'adinsa 7 ga Agusta ne. Mai yawan makara kuwa ana tara masa maki, in sun kai 4 a ci shi tarar fam 200.

Ko shakka babu tsarin yana da amfani, don wanda ke duba lissafinsa duk bayan wata uku ba ya wayar gari ranar 31 ga Janairu ya tarar da bashin da bai yi wa tanadi ba. Amma fa nauyin ya faɗa ne kan wanda littafin ba ya hannunsa. Mai asibiti shi ya san abin da hukumar lafiya ta ƙasa ta biya, da abin da majiyyata suka biya daga aljihunsu, da abin da aka yanke na masu ƙera haƙoran roba. In ya yi nawa wajen ba da takardar wata-wata, ko ya dunƙule kome cikin adadi guda, ƙaramin likita ne zai sha tara. Don haka shirin gaskiya daga ofishin mai asibiti ya kamata ya fara, tun kafin a yi zancen sayen manhaja. Ware asusun banki na sana'a daga na cefanen gida kuwa, wannan ba ya bukatar dogon bayani.

Daɗin daɗawa, bai kamata a sakar wa na'ura ragama ba. A ƙasar nan ce dai aka gurfanar da ɗaruruwan masu kula da ƙananan gidajen waya gaban shari'a tsakanin 1999 da 2015, bisa gibin kuɗin da manhajar Horizon ta nuna alhali babu shi. Likitan da ke da wayo sai ya adana rasit ɗinsa, ya riƙa gwada abin da manhaja ta ce da takardar banki a ƙarshen kowane wata, kafin ya aika wa hukuma.