Nijar Ta Yi Rawar Gani, Amma da Sauran Rina a Kaba

A shekarun da muke kwana a layin mai a kan hanyar Keffi zuwa Abuja, matatunmu huɗu suna kwance, maƙwabciyarmu Nijar tana tace nata man. Duk sanda hira ta biyo ta nan a majalisarmu ta Gangaren Tudu, nakan ce mutanen nan sun cancanci jinjina.

A 2008 shugaban Nijar na lokacin, marigayi Tandja Mamadou, ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin CNPC na ƙasar Sin kan rijiyoyin Agadem. Hikimar tana cikin sharaɗin da aka gindaya: a gina matata a gida. A Nuwamban 2011 aka buɗe matatar SORAZ a arewacin Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana, kashi 60 na Sinawa, 40 na Nijar. Ƙarama ce, amma ta wadata ƙasa har da rara, har ta kai a 2020 Najeriya, da duk arzikinta, ta sa hannu kan takardar sayen mai daga wajenta. Sai da gida ya ƙoshi sannan aka shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa Seme, a bakin tekun Benin, jirgin farko ya yi lodi a Mayun 2024. Ƙasar da ba ta da teku ta kai kayanta kasuwar duniya. Madalla!

Sai dai abin da ya faru a Agustan 2023 yana nan a raina. Bayan juyin mulki a Nijar, Najeriya ta yanke lantarki, alhali a lokacin kusan kashi 70 na wutar Nijar daga nan yake zuwa, Yamai ta shiga duhu. Wanda ya hau dokin aro, ko'ina ana iya sauke shi. A Maris 2025 kuma layin mai ya bayyana a can ma, domin buƙata ta fi ƙarfin matatar.

Don haka, ya ku shugabannin Nijar, kuɗin ɗanyen man nan kada su ƙare a biyan bashi irin na dala miliyan 400 da aka karɓa daga CNPC a 2024. Madatsar Kandadji, wadda aka aza tubalinta tun 2008, tana jiran a kammala ta. Tashar hasken rana ta Gorou Banda, mai megawat 30, da aka gina da kuɗin Faransa da Tarayyar Turai, ta nuna abin mai yiwuwa ne. A yi irinta a Maraɗi da Tawa, a faɗaɗa SORAZ, a kuma ja waya zuwa ƙauyukan Diffa, jihar da man yake fitowa daga ƙarƙashin ƙasarta.