Katse Wa Ɗan Siyasa Hanzari: Rashin Ladabi Ko Riƙon Amana?

Gabatarwa

Duk wanda ya tsallaka kogin Kaduna ya nufi kudu, ya shiga Kakuri, zai tarar da manyan gine-ginen masaƙu da suka yi shiru. Masaƙar Kaduna Textiles, wadda aka buɗe a 1957, ta daina aiki a 2002, ita ma United Nigerian Textiles ta dakatar da aiki a 2007. Dubban magidanta a Kakuri da Makera da Nasarawa suka rasa abin yi, wasunsu kuma suka shafe shekaru suna bin haƙƙoƙinsu na sallama. Tun daga wancan lokaci, da wuya kakar zaɓe ta wuce ba a ji alƙawarin farfaɗo da masaƙun ba.

To, a ƙaddara tsohon ma'aikacin masaƙa yana zaune gaban akwatin talabijin, aka tambayi ɗan takara yaushe zai cika wannan alƙawari, kuma da wane kuɗi. Sai ɗan takara ya fara da godiya ga jama'a, ya zarce ga tarihin jam'iyyarsa, ya koma kan laifin gwamnatin da ta shuɗe. Shin mai gabatar da shirin ya yi shiru har lokaci ya ƙure, ko kuwa ya katse shi ya maido shi kan tambaya? Ra'ayin wannan rubutu shi ne ya katse shi, amma bisa sharuɗɗa.

Hujjar Masu Ƙyamar Katsewa

Masu ganin aibin katsewa suna da hujja mai ƙarfi. A tarbiyyar Bahaushe, yaro ba ya sa baki idan babba yana magana, baƙo kuma ana karrama shi, ba a ƙure shi. Saboda haka idan matashin ɗan jarida ya tari numfashin sa'an mahaifinsa a bainar jama'a, yawancin masu kallo fitsara za su gani kafin su ga aikin jarida.

Tarihi ma ya taimaka wajen dasa wannan ɗabi'a. Gidan rediyo da talabijin da aka kafa a Kaduna a 1962 mallakar gwamnatin Jihar Arewa ne, kuma sai a 1992 dokar soja ta ba 'yan kasuwa damar mallakar kafafen watsa labarai a Nijeriya. Ke nan an shafe shekara 30 mai tambaya yana karɓar albashi daga hannun wanda yake yi wa tambaya. Da wuya bara ya ce wa ubangidansa bai amsa ba.

Wane Ne Ya Fara Karya Ƙa'ida?

Sai dai hirar talabijin ta bambanta da hirar zaure. A zaure mutum biyu ne suke zance domin kansu, kuma dare nasu ne. A talabijin kuwa akwai na uku, wato mai kallo, wanda dominsa aka shirya zaman, ga shi kuma lokaci ƙidayayye ne. Duk mintin da baƙo ya cinye yana kewaye-kewaye, daga rabon mai kallo aka yanke shi. Sashe na 22 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗora wa kafafen watsa labarai nauyin tabbatar da cewa gwamnati tana yi wa jama'a bayanin ayyukanta. Mai tambaya ɗan aike ne, ɗan aike kuwa ba ya komawa gida hannu rabbana don yana jin nauyin wanda aka aike shi wurinsa.

A fagen nazarin harshe, masanin nan Paul Grice ya bayyana a 1975 cewa zance yana tafiya ne bisa haɗin kai, inda ake sa ran mai magana ya faɗi gaskiya, ya faɗi gwargwadon buƙata, ya tsaya kan batu, ya kuma fito fili. Wanda aka tambaya yaushe, ya amsa da labarin wanda ya ɓata, ya riga ya saɓa wa ƙa'idar tsayawa kan batu. Shi ne ya fara yanke igiyar zance, mai tambaya ƙulla ta yake ƙoƙarin yi. Wannan zillewa kuma ba a Nijeriya kaɗai ake yin ta ba. Wani nazari da Peter Bull da Kate Mayer suka wallafa a 1993, kan hirarrakin zaɓen Birtaniya na 1987, ya nuna cewa Margaret Thatcher da Neil Kinnock kowannensu bai amsa fiye da rabin tambayoyin da aka yi masa ba.

Abin lura a nan shi ne, harshen Hausa da kansa ya tanadi hanyar katsewa cikin mutunci. Bahaushe yakan ce, "ba na katse maka hanzari ba," sannan ya katse. Yakan haɗa da "ranka ya daɗe" ko "Allah ya ba ka nasara." Da a ce al'ada ta haramta katsewa baki ɗaya, da ba ta ƙera mata irin wannan lafazi ba. Abin da ta hana shi ne wulaƙanci.

Katsewa Iri Biyu Ce

Misalai biyu za su fito da bambancin. A watan Mayu na 1997, Jeremy Paxman na BBC ya maimaita wa Michael Howard, tsohon ministan cikin gida na Birtaniya, tambaya ɗaya fiye da sau 10, kan ko ya yi barazanar soke hukuncin shugaban hukumar gidajen yari. Howard bai amsa kai-tsaye ba, amma masu kallo sun gane hakan da kansu, domin tambayar ba ta canza ba.

A watan Oktoba na 2025 kuwa, hirar Rufai Oseni na Arise TV da Ministan Ayyuka David Umahi, kan kuɗin da kowace kilomita ta titin gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba take ci, ta rikiɗe ta koma cacar baki. Tambayar halattacciya ce, amma ta nutse cikin hayaniya, jama'a suka koma gardamar wanda ya raina wani.

Daga nan za a iya tsamo sharuɗɗa huɗu. Na farko, a ba baƙo isasshiyar dama ya fara amsa, domin wata tambayar tana buƙatar shimfiɗa. Na biyu, katsewar ta zama maimaita tambaya ce a taƙaice, ba huɗubar mai tambaya ba. Na uku, a yi ta da lafazin girmamawa. Na huɗu, a auna kowa da mudu ɗaya, ɗan jam'iyya mai mulki da ɗan adawa. Wannan na ƙarshe ya fi muhimmanci a gari irin Kaduna, inda rikicin shekarar 2000 ya sa jama'a suka rarrabu kudu da arewacin kogi. Mai tambayar da ya matsa wa wani ya sassauta wa wani, nan da nan za a fassara shi da addini ko ƙabila.

Kammalawa

Kunya ado ce, amma ba a biyan ta da haƙƙin wani. Malamin da ke shirya muhawara a makaranta yana da rawar takawa a nan, domin a aji ne yaro yake fara koyon bambance amsa da kame-kame, da kuma yadda ake nacewa kan tambaya ba tare da ɗaga murya ba. Tsohon ma'aikacin Kakuri ba shi da hanyar shiga ɗakin shirin. Idan mai tambaya ya yi shiru saboda kara, babu wanda zai yi tambayar a madadinsa.