Daga Teburin Ofis zuwa Horar da Ma'aikata: Darasi daga Dawanau

Wanda ya bi hanyar Katsina daga Kano zai ratsa Dawanau, cikin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, inda ake da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Daga nan gero da dawa da wake da riɗi sukan tashi zuwa Nijar da Chadi da Kamaru, har ƙetaren teku. Duk wannan hada-hada a kan yarda take tafiya, tsakanin manomi da dillali da ɗan dako da attajiri. Baƙar magana ɗaya cikin fushi tana iya rusa huldar da aka yi shekaru ana ginawa.

A yau kwamfuta ta karɓe yawancin aikin akawu, kamar buga takardu da ajiye fayil da lissafi. Saboda haka wasu ma'aikatan ofis suke barin tebur, su koma sana'ar horar da ma'aikata yadda za su gane motsin zuciyarsu da na abokan aikinsu. A ganina wannan sauyi yana da amfani ga wuri irin Dawanau, amma da sharuɗɗa.

Da farko, maganar tana da tushe a kimiyya. Cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu curi biyu da ake kira amigidala, kowanne girmansa kamar gurjiya. Su ne ke saurin gane barazana, su sa wasu halittu da ke bisa ƙoda su zubo sinadarin adirenalin cikin jini. Nan take zuciya ta hau bugawa, numfashi ya ƙaru. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi shi ne linzami, shi ke auna abin da zai biyo baya, kuma ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. A 1848 wani sandan ƙarfe ya huda wannan sashe a kan Phineas Gage, shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa a Amurka. Ya rayu har 1860, amma likitansa ya ba da labarin cewa halinsa ya sauya, ya zama marar haƙuri. A 1990 Peter Salovey da John Mayer suka bayyana basirar sarrafa motsin rai a matsayin iyawa da ake nazarinta, sannan littafin Daniel Goleman na 1995 ya yaɗa batun a duniya.

Bahaushe bai jira su ba. A nazarin Anthony Kirk-Greene na 1974 kan mutumin kirki, haƙuri da hankali da amana da mutunci suna cikin siffofin da ya tattaro daga bakin Hausawa. Akawun da ya shekara ashirin tsakanin maigida da ƙananan ma'aikata, yana sanyaya wannan yana lallashin wancan, ya riga ya tara jari. Dillalan Dawanau ma irin aikin da suke yi ke nan kullum.

Sharaɗi na farko shi ne ilimi. Takardar shaidar kwas na mako biyu ba ta mai da mutum gwani. Sai ya karanta ilimin halayyar ɗan Adam, ya kuma zauna ƙarƙashin wanda ya fi shi. Na biyu, ya san iyakarsa. Baƙin cikin da ya hana mutum barci da cin abinci na makonni ciwo ne, kuma a Dawanau ɗin nan akwai asibitin masu taɓin hankali, inda likitoci suke. Na uku, kada a mai da horon nan makamin danne hakki. Ɗan dakon da aka hana ladansa yana da dalilin fushi, maganinsa kuwa a biya shi. Mai horon da ya ce masa ya yi haƙuri kawai, ya zama karen farautar azzalumi.

Ya ku ɗalibai, ku riƙe lissafi da kimiyya da kyau, ku kuma koyi sauraron mutum har ya kai aya. Malamai kuwa, ku tuna linzamin ƙwaƙwalwar yaron da ke gabanku bai gama ƙwari ba, kuma yadda kuka riƙe fushinku a aji shi ne darasin da zai kai kasuwa da ofis.