Wanda Ba Ya Tuna Mafarki Ba Mara Lafiya Ba Ne: Raddi Ga Mai Cewa An Toshe Masa

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a Jos, daga Anguwan Rogo zuwa Gangare har Bukuru, kuma wani ɗan'uwa mai sana'ar ruƙiyya ya ɗauke ta yana maimaitawa a majalisarsa. Yana cewa duk wanda zai kwana ya tashi bai yi mafarki ba, ko dai zuciyarsa ta bushe da zunubi, ko kuma an toshe masa da sihiri, aljani yana sace abin da aka nuna masa. Ruƙiyya ta shari'a gaskiya ce, ba na jayayya da ita. Abin da nake jayayya da shi shi ne a ɗauki lafiyayyen mutum a sa masa tsoro ba tare da hujja ba. Malam, Allah ya gafarta maka, ga amsar da'awowinka ɗaya bayan ɗaya.

Da'awa ta farko: wanda bai tuna mafarki ba, bai yi ba.

Nan ne tushen kuskuren, domin yin mafarki daban, riƙe shi daban. A 1953, a Jami'ar Chicago ta Amurka, Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman suka gano wani mataki na barci da idanu ke motsi da sauri a ƙarƙashin fatarsu. A 1957 William Dement da Kleitman suka riƙa tayar da mutane a daidai wannan mataki, kusan kashi 80 cikin ɗari na lokutan suka ba da labarin mafarki. Wannan barci mai motsin ido yana cin kimanin kashi 20 zuwa 25 na barcin baligi, yana dawowa kusan kowane minti 90.

A 2015 likitocin asibitin Pitié-Salpêtrière na Paris, ƙarƙashin Isabelle Arnulf, suka kalli masu wata cuta da ke sa jiki ya aikata abin da ake gani a mafarki. Cikinsu har da waɗanda suka ce sun shekara goma ko fiye ba su yi mafarki ba, wasu ma suka ce ba su taɓa yi ba. Kyamara ta ɗauke su cikin barci suna magana, suna gardama, suna kai naushi. Da safe babu abin da suka tuna. Gani ya kori ji.

Me ke kawo mantuwar? Ƙwaƙwalwa mai barci ba ta iya adana sabon abu yadda ta farke ke yi. Mafarki kamar rubutun allo ne da aka wanke kafin almajiri ya haddace: an rubuta, amma bai zauna ba. Sai mutum ya ɗan farka a tsakiyarsa ko dab da ƙarshensa sannan ya kama wani abu. Binciken Perrine Ruby da abokan aikinta a Lyon ta Faransa ya nuna masu yawan tuna mafarki suna yin kimanin minti 30 a farke cikin dare, marasa tunawa kuwa kusan rabin haka. Sau da yawa wanda kake tausaya wa, Malam, ya fi mu samun barci mai nauyi.

Da'awa ta biyu: rashin mafarki alamar bushewar zuciya ce.

Ina nassin? A Sahihul Bukhari, Samura ɗan Jundub ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yakan juyo bayan sallar Asuba ya tambayi ko wani ya ga mafarki. Wata rana ya tambaya, Sahabbai suka amsa cewa babu. Bai zarge su ba, sai ya ba su labarin nasa. Zukatan waɗanda ke sahun Asuba a bayan Manzon Allah ne suka bushe?

Duba ta ɗaya gefen kuma. A Suratu Yusuf, sarkin Masar da fursunoni biyu sun ga mafarkin gaskiya, sun tuna shi dalla-dalla, alhali ba muminai ba ne a lokacin. Maƙwabtanmu Kirista sun san wannan labari a Littafin Farawa. Hadisin Muslim ya kasa mafarki uku: bushara daga Allah, tsoratarwa daga Shaiɗan, da zancen zuci. Kashi ɗaya kaɗai ne bushara, kuma kyauta ce, ba ma'aunin imani ba.

A Jos wannan da'awa ta fi ciwo. Mun ga rikicin Satumbar 2001, mun ga na Nuwambar 2008, mun ga na Janairun 2010. Akwai matan da har yau suke zabura cikin dare, zufa ta jiƙa su duk da sanyin hunturu, suna ganin hayaƙi da gudu. Su ne suka fi kowa tuna mafarki, domin tsoro ke farkar da su a tsakiyarsa. Je ka tambaye su, da za a ba su dare guda wanda ba su ga komai ba, da sun yi sadakar godiya.

Da'awa ta uku: an toshe masa, aljani na sacewa.

Kafin a kai ga aljani, a tambayi mutum ƙarfe nawa yake kwanciya. Mafi tsawon barci mai motsin ido yana zuwa ne a ƙarshen dare. Ɗauki ɗan kasuwar Farin Gada da ke tarar motocin kabeji da tumatir da dankalin turawa daga Bokkos da Mangu. Ya kwanta sha biyu, wayarsa ta yi ƙara huɗu saura, ya diro daga gado, ya ja rigar sanyi, hankalinsa na kan farashin buhu tun kafin ya taɓa butar alwala. Ya yanke ɓangaren da mafarki ya fi yawa, ɗan abin da ya gani kuma lissafi ya share shi nan take. Haka mai shayin Bauchi Road da ke hura wuta kafin kiran assalatu.

Giya da tabar wiwi da kodin da wasu magungunan ciwon damuwa suna danne wannan mataki na barci. Shi ya sa wanda ya bar su yakan sha mafarkai masu firgitarwa a makonnin farko. Matashin da ke wannan hali likita yake buƙata da mai riƙe hannunsa. In aka ce masa aikin maƙiya ne, an ba shi uzurin ci gaba da shaye-shaye.

Na yarda akwai ɗaukewar mafarki ta haƙiƙa. Likitoci biyu, Charcot a 1883 da Wilbrand a 1887, sun bayyana ta, kuma a 2004 likitoci a Zurich suka ba da rahoton wata mai shekara 73 da mafarkinta ya ɗauke bayan jini ya toshe a bayan ƙwaƙwalwarta. Wannan hujja ce a kanka, Malam. Wanda mafarkinsa ya ɗauke kwatsam tare da dushewar gani, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu, a garzaya da shi asibitin koyarwa na Lamingo a ranar. Jinkirin sa'o'i kaɗan kan bar mutum da shanyewar ɓarin jiki.

Da'awa ta huɗu: ai waɗanda na yi wa magani sun fara mafarki.

Ba na ƙaryata su, amma dubi abin da ka umarce su. Ka ba su ruwa su sha kafin kwanciya, fitsari zai tashe su cikin dare. Ka ce su dawo su faɗa maka abin da suka gani, sai suka kwanta da niyyar tunawa, suka farka suna lalube. Masu binciken barci sun daɗe da sanin cewa mai da hankali ga mafarki da rubuta shi da safe suna ƙara tunawa, ko ba a biya ko sisi ba.

Akwai haɗari ma a nan. Wanda ya biya kuɗi, aka tsare shi da tambayar me ya gani, kunya na iya sa shi ƙirƙira. Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa mai ƙaryar mafarki za a tilasta masa ƙulla ƙwayar sha'ir biyu ranar ƙiyama, kuma ba zai iya ba. Mai cewa "ban ga komai ba" ya tsira daga wannan.

Don haka, ɗan'uwana mai karatu, in kana tashi da ƙarfin jiki, babu abin da aka sace maka. In kana son tunawa, ka kwanta da wuri ka samu sa'a 7 zuwa 8, ka yi addu'o'in kwanciya, in ka farka ka ɗan dakata kafin ka taɓa waya, ka rubuta ko kalma biyu. Wanda ya yi istihara bai ga komai ba, ya ci gaba da lamarinsa, domin hadisin Jabir na istihara bai shardanta mafarki ba. Kai kuma Malam, jama'a sun ba ka amana. Ka ji tsoron Allah a kan lafiyayyen da ya zo da tambaya, kada ka sallame shi yana zargin matarsa, ko ɗan'uwansa, ko maƙwabcinsa na wani addini. Garin nan ya ɗanɗana abin da zargi ke haifarwa. Allah ne mafi sani.