Motar Lantarki: Kafin A Saya, A San Inda Za Ta Sha Wuta

 Mas'alar da za mu duba yau ita ce ta motar nan da ba ta shan fetur, sai wutar lantarki da a ke ɗura mata a batir.

Tun ran 29 ga Mayu 2023 da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya ce an janye tallafin mai, kowa ya ji a jikinsa. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haye naira 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 kuwa ta zarce naira 1,000. Mutumen Gyaɗi-Gyaɗi ko na Tarauni da ke bin Titin Zariya kullum zuwa Kantin Kwari ko Sabon Gari ya san abin da mai ke cinye masa a wata. Saboda haka ba abin mamaki ba ne don mutane sun fara tambaya, shin motar lantarki ita ce mafita?

Amsarmu ita ce, ba a wurin dillali a ke gane ribar wannan mota ba, a bakin soket a ke gane ta. Fataken dā ba su ɗaura kaya sai madugu ya lissafa rijiyoyin da ke tsakanin zango da zango. Haka mai son wannan mota, wajibi ne ya fara sanin wace wuta za ta sha, a ina, da wane lokaci, kuma nawa.

Yadda abin ya iso mana

Cikin 2024 motoci masu caji da aka sayar a duniya sun wuce miliyan 17, watau fiye da ɗaya cikin kowace biyar, kuma fiye da rabinsu a ƙasar Sin. A shekarar nan ce kuma Habasha ta hana shigo da motocin gida masu shan mai, domin tana da wutar madatsun ruwa mai araha, mai kuwa sai ta sayo daga waje.

A Nijeriya, kamfanin Stallion ya nuna Hyundai Kona mai lantarki da ya harhaɗa a Ikko cikin 2020. A 2021 hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa, wadda Jelani Aliyu ɗan asalin Sakkwato ke shugabanta a lokacin, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas ya mai da su na batir. A nan Kano, cikin 2024, ƙungiyar Mata Zalla ta fito da Adaidaita Sahu masu lantarki, mata ke tuƙa su. Dabararsu abar lura ce: ba su tsayawa jiran caji, sai su kai batirin da ya ƙare tasha, a musanya musu da cikakke. Har wa yau, a Oktoba 2024 Gwamnatin Tarayya ta ɗauke wa motocin lantarki harajin VAT.

Mudun wuta da lissafinsa

Kamar yadda a ke awon hatsi da mudu, fetur da lita, haka a ke awon wuta da yunit, shi ne wanda ku ke saye ku loda a mitar gida. Batirin Kona ɗin nan yana cin yunit 64, masu ita kuwa suka ce tana yin kilomita 482 da cikawa guda. Mota matsakaiciya ta kan ci wajen yunit 16 a kilomita 100. Wuta kuma ta kan ɗan salwanta wajen ɗuri, don haka mu ce 18.

To, a Afrilu 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin yunit naira 225 ga masu rukunin A, watau waɗanda aka yi wa alkawarin wutar sa'a 20 a yini, daga baya cikin shekarar aka rage shi zuwa wajen naira 210. Yunit 18 a kan 210 ya kama naira 3,780. Motar fetur mai shan lita 8 a kilomita 100 kuwa, in mun ɗauka lita naira 900 ce, ta ci naira 7,200. Ashe da wutar KEDCO, ko a rukunin da ya fi tsada, an rage kusan rabi. Ga shi kuma babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu salansa.

Amma fa a dubi ɗaya gefen. Ƙaramin janareta na fetur da wuya ya ba da abin da ya wuce yunit 2 a kan lita guda. Yunit 18 ke nan sai an ƙona lita 9 ko fiye. Wanda ya sayi motar lantarki ya koma yana ɗura mata wuta da janareta, ya ƙona man da ya fi na motar da ya rabu da ita, ga ƙara, ga hayaƙi. An gudu ba a tsira ba.

Sa'an nan a lissafa uwar kuɗi. Mai tafiyar kilomita 50 a yini, kwana 300 a shekara, abin da zai rage bisa lissafin nan bai fi naira 513,000 da 'yan kai ba. Alal misali, in motar lantarkin ta ɗara irinta ta fetur da naira miliyan 5, sai ya yi wajen shekara goma kafin ya mai da kuɗinsa. Daga nan za a gane wanda abin ya fi yi wa rana: shi ne mai yawan zirga-zirga cikin gari, kamar ɗan Adaidaita Sahu da ɗan tasi da mai rarraba kaya kanti kanti. Alhajin da motarsa ke yini a inuwa, ribarsa kaɗan ce.

Tsawon lokacin ɗuri

Hanyar ɗuri iri uku ce. Ta farko soket ɗin bango na gida, wanda ke ba da yunit 2 da ɗan ɗori a sa'a. Batir mai yunit 64 in ya ƙare ƙaf, sai ya yi kusan sa'a 30 a jikinsa. Ta biyu akwatin caji da a ke kafawa musamman a bango, mai ba da yunit 7 a sa'a, wannan dare guda ya isa, wajen sa'a 10. Ta uku babbar caja mai sauri ta tasha, wadda ke kai batir kashi 80 cikin 100 cikin kamar sa'a guda.

Kada sa'a 30 ɗin nan ta tsorata kowa. Ba a bari sai ta ƙare, kullum a kan mayar mata da abin da ta ci ne. Kilomita 50 yunit 9 ne, sa'a 4 ke nan a soket ɗin bango. Saboda haka kowa ya dubi takardar mitarsa ya san rukuninsa: A sa'a 20, B 16, C 12, D 8, E 4. Amma alkawari daban, cikawa daban. Kafin ciniki, mutum ya yi wata guda yana rubuta lokacin da a ke kawo wuta a layinsu da lokacin da a ke ɗaukewa, ya ga ko tana zuwa sa'ad da mota ke gida. Ya kuma lura da ƙarfinta, domin caja ta kan ƙi aiki in wuta ta zo da rauni, ko in gidan ba shi da wayar da ke kai wuta ƙasa. Lalle a kira ƙwararren mai aikin wuta ya ja wa mota layinta dabam da waya mai kauri. Jona ta a doguwar wayar nan ta kasuwa mai baki huɗu, neman gobara ne.

Kada kuma a manta da abin da ya faru daga ran 21 ga Oktoba 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano ta yi fiye da mako guda cikin duhu. Duk wanda abincinsa ke rataye da mota, ya tanadi hanya ta biyu.

Hanya ta biyun da Kano ke da ita a yalwace ita ce rana. Faifan sola huɗu manya, masu wat 550 kowanne, su kan tara wajen yunit 9 zuwa 10 a yini, daidai tafiyar kilomita 50, sai dai ƙurar hunturu ta kan rage su in ba a gogewa. Matsalar ita ce rana da rana ta ke fitowa, motar ɗan kasuwa kuwa a lokacin tana kasuwa. Ko dai a ƙara sayen batirin ajiya a gida, wanda ke da tsada, ko kuwa a kai cajar inda mota ke yini.

Bakin caja da lafiyar batir

Ba kowane baki ne ke shiga kowace mota ba. Na Sin dabam, sunansa GB/T. Na Turai dabam, CCS2. Na Amurka dabam, haka kuma CHAdeMO na Japan da ke jikin Nissan Leaf. Bugu da ƙari, wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu 230, don haka wata wayar cajin da ta biyo mota daga can ba ta yi da soket ɗinmu. Mai saye ya ga an jona motar a gabansa tana sha, gani ya kori ji.

Mai sayen doki haƙora ya ke dubawa, mai sayen wannan mota kuwa batir, domin shi ne mafi tsada a jikinta. Batir yana tsufa, cikinsa na raguwa kowace shekara. Akwai na'urar da a ke jonawa ta nuna kashi nawa ya rage na ƙarfinsa na asali. Masu ƙerawa galibi su kan lamunci batir shekara 8 ko kilomita 160,000, amma 'yar Kwatano da ta biyo hannu uku, wa zai cika maka wannan lamuni? Sayenta ba tare da awon batir ba, cinikin biri a sama ne.

Babban abokin gaban batir zafi ne, Kano kuwa a bazara ta kan wuce digiri 40. Cikin 2012 masu Nissan Leaf a jihar Arizona ta Amurka, mai zafi irin namu, sun yi kukan batirinsu ya tsufa da wuri, domin ba ruwa ke sanyaya shi ba. Saboda haka a zaɓi mai sanyaya batir da ruwa, a ajiye ta a inuwa. Batiri irin NMC an fi so ya zauna tsakanin kashi 20 da 80 a hidimar yau da kullum, irin LFP kuwa ya fi jure a cika shi maƙil. Wayoyin nan masu ruwan lemo da ke cikinta suna ɗauke da bolt wajen 400, kada wanda bai koyi aikin ba ya sa musu hannu. A kuma tambayi 'yan Ƙofar Ruwa ko kayan gyaranta na samuwa.

Ga mai tafiya kuwa, daga tashar Unguwa Uku zuwa Kaduna wajen kilomita 230 ne, zuwa da komowa 460. A takarda Kona ta isa, amma gudu a babbar hanya da na'urar sanyi a kunne su kan ci batir fiye da lissafin takarda. In ba ka san gidan da za ka jona a can ba, kada ka tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya kamata a yi

Ga attajirai, a ganinmu ribar da ta fi kusa tana wajen sayar da wutar, tun kafin a kai ga shigo da motoci masu yawa. Kano ta riga ta ga misali: Jami'ar Bayero ta buɗe tashar sola mai megawat 7.1 a 2019, an buɗe wata mai megawat 10 a Kumbotso a Janairu 2023, kasuwar Sabon Gari ma an sa wa shagunanta sola tun 2018. Rumfar ajiye motoci a kasuwar Tarauni, ko kusa da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano inda motoci da Adaidaita Sahu ke yini, in an rufe ta da faifan sola, ta ba da inuwa ta ba da wuta gaba ɗaya. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na iya haɗa hannun jari su yi, ba sai an jira gwamnati ba.

Ga malamai kuwa, akwai mas'aloli sababbi da ke jiran bayaninku tun ba a fara rigima ba. Dillalin da ya san batir ya mutu rabi ya yi shiru, mai saye na da ikon mayarwa saboda aibi? Mai tashar da ke sayar da caji da sa'a, alhali wuta na ƙarfi tana rauni, ashe bai kamata ya sayar da yunit a mitar da mai saye ke gani ba, kamar mudu a gaban kowa? Musanyar batir da batir, haya ce ko sayen wutar da ke ciki, kuma wa ke da asara in ya lalace a hannun direba? Sai kuma jan kunnen wanda zai zagaye mita don ya ciyar da motarsa da wutar da bai biya ba.

A taƙaice, wanda ke da wuta tsayayya ko sola, tafiyarsa kuma cikin gari ce mai yawa, ya auna batir ya saya, zai ga amfani. Wanda janareta ne madogararsa, ya riƙe ta hannunsa tukuna, ya fara gyara wutar gidansa.