Ku riƙa tuna mana da zari-ruga

Malam Edita,

Shafinku na wasanni kullum tamaula ce, alhali mu nan Adjamé Saint-Michel akwai masu bin zari-ruga. A gasar duniya ta 2023 a Faransa, Siya Kolisi ya burge mu: shi ya jagoranci Afirka ta Kudu ta doke New Zealand 12 da 11 a wasan ƙarshe. Sam Cane kuwa, kyaftin ɗin New Zealand guda, ya karɓi jan kati tun kafin hutun rabin lokaci. Wannan ai abin kunya ne. Abokanmu na Treichville da suka ɗora buri a kan kyaftin ɗin Faransa Antoine Dupont har yau suna jin zafin maki ɗayan da ya kori Faransa.

Amma abin da ya fi ci mini rai na gida ne. Ƙasar nan tamu Côte d'Ivoire ta je gasar 1995, Scotland ta lallasa ta 89 da nema. A wasa da Tonga ɗan wasanmu Max Brito ya karye a wuya, jikinsa ya shanye, ya rayu a keken guragu har ya rasu a 2022. Yaran unguwarmu ko sunansa ba su sani ba. Don Allah ku ba shi shafi guda.

Naku,
Mai karatu, Adjamé Saint-Michel, Abidjan